Bitar wani shagon sa hannun 'yan besbol a New York: tsadar da aka yanka gunduwa-gunduwa

A arewacin birnin New York, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa daga unguwar Bronx, akwai wani shago da sana'arsa ita ce sayar da sa hannun 'yan wasan besbol. Wanda bai zauna a Amurka ba zai iya yin mamakin wannan ciniki, amma a nan tsohuwar kasuwa ce mai dillalanta da masu tantance kayanta da gidajen gwanjonta. Shagon yana sayar da ƙwallaye da hotuna da riguna waɗanda aka riga aka sa wa hannu, yana gayyato 'yan wasa su zauna su sa hannu a gaban jama'a bayan an sayi tikiti, sannan yana karɓar kayan da mutane ke aikowa ta gidan waya domin a sa musu hannu ba tare da sun halarta ba. Na san shi ne ta dalilin yarana, waɗanda suka kamu da son wasan kamar da yawa daga cikin 'ya'yan Hausawan Ghana da Nijar da Nijeriya da suka tashi a kusa da filin wasan ƙungiyar besbol ta Yankees. Na bar sunan shagon domin tsarinsa bai bambanta da na ire-irensa ba, kuma duk wanda ya fahimci yadda yake lissafin kuɗinsa ya fahimci sauran.

Abin da ya fara burge ni shi ne sanin aiki. An rage hasken cikin shagon da gangan, babu kuma kayan da aka jera a bakin taga, saboda hasken rana yana cinye tawada har sa hannu ya koɗe cikin 'yan shekaru. Kowace ƙwallo tana cikin ƙaramin akwati mai garai-garai wanda ke tare irin wannan haske. Ma'aikatan ba sa barin mai saye ya yi wa kansa asara. Idan mutum ya zo da ƙwallon roba mai araha, sukan bayyana masa cewa tawada tana bazuwa a jikinta, su ba shi shawarar ya sayi ta asali, wato ƙwallon fata ta kamfanin Rawlings wadda ake ɗinkawa da hannu a ƙasar Kosta Rika, mai jan ɗinki guda 108. Sukan kuma nace a kan shuɗin biro idan ƙwallo za a sa wa hannu, su bar alƙalami mai kaurin baki ga hoto da sandar bugu. Akwai wani ɗan fili a jikin ƙwallon inda layukan ɗinki biyu suka fi kusantar juna, nan ne sa hannu ya fi daraja, kuma ma'aikacin da ke miƙa wa ɗan wasa ƙwallo yakan juya ta yadda wannan wuri ne zai fuskance shi. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke raba kayan da zai riƙe kimarsa da wanda zai zama tarkace, kuma a wannan fanni ban ga abin kushewa ba.

Matsalar tana wajen farashi, kuma ba yawansa kaɗai ba, har da yadda ake gabatar da shi. A wani zama da aka gayyato tsohon ɗan wasa wanda ya shiga Zauren Gwarazan Besbol da ke garin Cooperstown, tallar da aka liƙa ta nuna dala 120. Sai da na isa teburin biya na gane cewa wannan kuɗi na ƙwallo ne ko hoto kawai, domin sandar bugu da riga suna wani mataki na dala 180, alhali kuwa hannun ɗaya ne, biron ɗaya ne, sunan ma ɗaya ne. Idan mutum yana son ɗan wasan ya ƙara rubuta shekarar da ya shiga zauren gwaraza, ko adadin wata bajinta da ya yi, sai ya biya dala 40 a kan kowane rubutu, wanda kuma ba zai wuce kalmomi uku ba. Ɗaukar hoto tare da shi tikiti ne mai zaman kansa na dala 130. Tambarin shaida da ake mannawa a jikin kayan dala 12 ne, kuɗin shiga zauren dala 15 ga kowane mutum, ƙwallon asali kuma dala 35 a shagon. Tsarin ya yi kama da na telan da zai faɗa maka kuɗin ɗinki, sai ka amince sannan ya ce aikin wuya daban, shafi daban, maɓallai daban. Ni da ɗana, ƙwallo ɗaya da rubutu ɗaya, ba tare da hoto ba, mun tashi a dala 237, wato kusan ninki biyu na abin da tallar ta nuna. Babu ƙarya a cikin tallar, domin an rubuta sauran kuɗaɗen da ƙananan haruffa a ƙasanta, amma shagon da ya san abokan cinikinsa sun haɗa da iyaye masu zuwa da yara ya kamata ya fito da jimillar fili tun daga farko.

Shi kansa zaman sa hannun an tsara shi yadda ba a ɓata lokaci. Ana kiran mutane rukuni-rukuni bisa lambar tikiti, waɗanda suka sayi tikitin alfarma su fara shiga. Kafin ka isa gaban ɗan wasan wani ma'aikaci ya riga ya karɓi ƙwallonka, ya manna mata 'yar takarda mai nuna abin da ka biya a rubuta. Shi ne zai tura ta gaban ɗan wasan, wani kuma ya ɗauke ta a ɗaya gefen ya kai teburin shaida. Dattijon da muka je dominsa ya ɗago kai ya yi mana murmushi, ya rubuta sunansa harafi bayan harafi da hannun da ya fara rawa, ya ce mana mun gode da zuwa, sai kuma na bayanmu ya matso. Duk abin bai kai rabin minti ba. Da muka fito, yaron ya dube ni ya ce, "Baba, shi ke nan?" Na ce masa shi ke nan. An rubuta a allo cewa ba a ɗaukar hoto da waya a bakin tebur, ba a kuma roƙon ɗan wasa ya rubuta sunan mai kaya sai an sayi tikitin rubutu. Ina ganin hujjar hanzarin, domin mutane ɗaruruwa ne ke layi kuma awa biyu kawai aka ɗauki ɗan wasan, sai dai ya kamata mai saye ya sani cewa ganawa ba ta cikin abin da yake biya.

A wannan zama na lura da wani abu da masu tara irin waɗannan kaya suka daɗe suna ƙorafi a kai. Tsofaffin 'yan wasa, waɗanda suka yi makaranta a zamanin da ake koyar da haɗa rubutu, sa hannunsu yana karantuwa. Matasan kuwa, da yawansu harafi biyu ne da wani jan layi da lambar riga. Akwai wani matashin ɗan wasa a teburin da ke kusa wanda tikitinsa ya fi na dattijon tsada, amma da za a ɗauke tambarin shaida daga jikin ƙwallonsa, babu mai iya cewa ga wanda ya sa mata hannu.

Tsakani da Allah, ba shagon ne ya ƙirƙiro wannan tsada ba, kuma zai zama rashin adalci a ɗora masa ita gaba ɗaya. Tarukan sa hannu na kuɗi sun bunƙasa ne a shekarun 1980, lokacin da tsofaffin gwarazan da suka yi wasa kafin albashi ya yi tashin gwauron zabo suka ga hanyar samun abin rufin asiri. Kuɗin hannu ake biyan su a wancan lokaci, har abin ya jefa wasu cikin matsala da hukumar haraji. Pete Rose ya yi wata biyar a gidan yari bayan hukuncin 1990 saboda kuɗin shigar da bai bayyana ba, ciki har da na sa hannu, haka kuma Duke Snider da Willie McCovey sun amsa laifi makamancin wannan a 1995. Ɗan wasan yau ba ya cikin irin waccan buƙata. Mafi ƙarancin albashi a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, a 2025 dala 760,000 ne, Shohei Ohtani ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 700 da ƙungiyar Dodgers a Disambar 2023, Juan Soto kuma ya ƙulla ta dala miliyan 765 da Mets bayan shekara ɗaya. Mutumin da ke samun irin wannan ba zai bar iyalinsa ranar hutu ya zauna a zaure yana rubuta sunansa sau ɗari uku ba sai an ba shi abin da zai ji a jikinsa, kuma shagon ba shi da inda zai fanshe wannan kuɗi in ban da aljihun masu layi.

Akwai kuma batun yarjejeniyar keɓancewa. Kamfanin Fanatics ya sayi sashen kayan tarihi na Steiner Sports a 2019, ya sayi harkar katunan Topps, wato katuna masu hoton 'yan wasa da mutane ke tarawa, a Janairun 2022 a kan kusan dala miliyan 500, kuma manyan taurari irin su Ohtani da Aaron Judge ta hannunsa ake samun kayan da suka sa wa hannu. Ƙaramin shago irin wannan ba zai iya gayyato su kai tsaye ba. Abin da ke kantarsa na waɗannan taurari sari ne ya yi, ya ɗora ribarsa, shi ya sa a wannan sashe na shagon ban ga wata fa'ida ga mai saye ba, domin farashin bai gaza na tushe ba, wani lokaci ma ya ɗara. Sannan lokacin annobar korona, da mutane suka zauna a gida suka koma kan katunan ƙuruciyarsu, sai masu zuba jari suka shigo kasuwar. A Agustan 2020 aka sayar da wani katin Mike Trout mai ɗauke da sa hannunsa, wanda guda ɗaya tak aka buga, a kan kusan dala miliyan 3.9. A Maris 2025 katin Paul Skenes, wanda wani yaro ɗan shekara 11 ya ci karo da shi a cikin fakiti, ya tashi a dala miliyan 1.11, fiye da albashin shi Skenes ɗin na wannan shekara. Irin waɗannan labarai ba su da alaƙa da ƙwallon da talaka zai saya, amma duk lokacin da aka yi su, masu kula da harkokin 'yan wasa sukan ƙara abin da suke nema. Mutuwa ma tana da nata rabon. A 2020 kaɗai mutum bakwai daga cikin 'yan Zauren Gwaraza suka rasu, ciki har da Tom Seaver da Bob Gibson da Whitey Ford, Hank Aaron ya bi su a Janairun 2021, Willie Mays kuma a Yunin 2024. Kowace rasuwa takan sa masu tarawa su yi rububin waɗanda suka rage.

Inda shagon ya cancanci kuɗinsa shi ne wajen shaida, kuma a ganina wannan ne ainihin hajar da yake sayarwa. Wannan kasuwa ta sha fama da jabu. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta gudanar da binciken da aka fi sani da Operation Bullpen daga birnin San Diego, inda ta bankaɗo gungun masu ƙirƙirar sa hannun tsofaffin gwaraza irin su Babe Ruth da Mickey Mantle da sauransu tare da takardun shaidar bogi, kuma Tony Gwynn yana cikin 'yan wasan da suka taimaka wajen gane jabun sa hannunsu. Bayan wannan ne MLB ta kafa shirinta na tantancewa a 2001, inda jami'an tsaro da ba sa bakin aiki ke tsayawa su ga abu da idonsu kafin su manna masa tambari mai sheƙi mai ɗauke da lamba. A gefe guda kuma akwai kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda PSA/DNA da JSA da Beckett suka fi shahara a cikinsu. Shaidar da irin waɗannan kamfanoni ke bayarwa iri biyu ce, kuma da yawan sababbin masu saye ba su san bambancin ba. Akwai wadda ake bayarwa bayan ƙwararre ya duba sa hannu ya kwatanta shi da waɗanda aka tabbatar, wannan ra'ayi ne, ko da kuwa na masani ne. Akwai kuma wadda wakilin kamfanin yake zaune a wurin lokacin da ɗan wasan ya sa hannu. Shagon yana kawo wakili a kowane zama, kuma kafin mu bar zauren na shigar da lambar tambarinmu a shafin kamfanin na intanet, bayan 'yan kwanaki kuma ta bayyana da sunan ɗan wasan da irin kayan. Daga cikin dala 237 da na kashe, dala 12 ta tambarin ce ban yi tantama a kanta ba. Duk da haka, tambari ba ya hana a yi hattara, domin a Yulin 2025 'yan sanda sun kai samame wurin wani dillali a jihar Indiana wanda ya yi iƙirarin cewa ya shafe shekaru yana ƙirƙirar har da tamburan kansu. Wanda ya ga an sa hannun a gabansa ya fi wanda ya dogara da lamba kawai kwanciyar hankali.

Hidimar aiko da kaya ta gidan waya ita ce mafi rauni a cikin hidimomi ukun da shagon ke yi. Mutum yakan biya tun watanni kafin ranar zaman, ya biya kuɗin aikawa da na dawowa da na inshora, sannan ya zauna jira, wanda hakan cinikin biri a sama ne. Na aika da wani hoto domin zaman da aka ɗage har aka soke shi daga baya saboda rashin lafiyar ɗan wasan, abin da babu laifin kowa a ciki. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda shagon ya so ya mayar mini da kuɗin a matsayin takardar sayayya da ba za a iya kashewa a ko'ina ba sai wurinsa, kuma sai da na nuna musu sharaɗin da ke jikin rasiɗi kafin suka mayar da su cikin katin banki. Hoton ya dawo lafiya, an naɗe shi tsakanin kwalaye biyu masu ƙarfi, amma kuɗin aikawa ya bi ruwa. Ban da wannan, idan tawada ta goge ko sa hannun ya fito a karkace, wanda ke zauren zai iya nunawa nan take a sake masa, wanda ya aiko kuwa sai dai ya karɓi abin da ya samu.

Ma'aikatan suna yawan faɗa wa masu saye cewa sa hannu jari ne da ba ya faɗuwa, kuma wannan magana ce da ban yarda da ita ba. Abin da ke ɗaga farashi a gwanjo shi ne ƙaranci. Tsohon ɗan wasa Shoeless Joe Jackson bai iya rubutu sosai ba, matarsa ce ke sa masa hannu a mafi yawan abubuwa, shi ya sa wani hotonsa na 1911 da ya sa wa hannu da kansa ya kai dala miliyan 1.47 a 2021. Bob Feller kuwa, duk da kasancewarsa cikin manyan masu jifa a tarihin wasan, ya sa hannu a kan abubuwa da yawa har masu tarawa ke barkwancin cewa ƙwallon da bai sa wa hannu ba ta fi wuyar samu. Pete Rose ya shafe shekaru yana zama a shagunan Las Vegas yana sa hannu ga duk wanda ya biya, kuma hakan ya sa kayansa suka cika kasuwa. Ɗan wasan da ke zagaya taruka a kowane wata yana ƙara yawan hajarsa ne da hannunsa. Na gwada tambayar shagon nawa zai sayi ƙwallon da muka sa aka yi mana, tayin da aka yi mini bai kai rabin abin da na kashe ba. Gidajen gwanjo kuma suna ɗora wa mai saye la'adar kusan kashi 20 cikin 100, wanda hakan ke sa ya rage abin da zai taya, ga shi ba sa damuwa da ƙananan kaya. Wanda ya sayi irin wannan ƙwallo ya saye ta don yana son ɗan wasan, kada ya sa ta cikin lissafin kuɗin makarantar yara.

Shagon ya dace da mutumin da ke neman sa hannun wani dattijon gwarzo guda ɗaya da yake ƙauna, wanda zai iya zuwa da kansa, kuma ya haɗa jimillar kuɗin a gida kafin ya fito. Ya kuma dace da mai neman ƙwallon asali da akwatin ajiya da shawara mai kyau. Bai dace da iyalin da ke son faranta wa yara rai da ɗan abin da ke hannu ba, kuma ga irin waɗannan har yanzu akwai hanyoyin da ba sa cin kuɗi sosai, ko da yake sun ƙuntata. Ragar kariya da dukkan ƙungiyoyi 30 suka faɗaɗa daga 2018, wadda aka ƙara tsawaitawa a filaye da yawa zuwa 2020, ta rufe wurare da dama da yara kan miƙa ƙwallo kafin a fara wasa. Amma a sansanonin atisaye na Florida da Arizona cikin Fabrairu da Maris, da kuma wasannin ƙananan ƙungiyoyi, 'yan wasa suna tsayawa su sa hannu kyauta. Wasu tsofaffin 'yan wasa kuma suna amsa wasiƙa idan aka haɗa musu da kati da ambulan ɗin dawowa mai kan sarki, wanda kuɗinsa ya koma santi 78 a Yulin 2025. Sa hannun da aka samu ta waɗannan hanyoyi ba shi da tambarin shaida, kuma idan aka ce za a kai shi wurin masu tantancewa, sau da yawa kuɗin tantancewar zai zarce abin da katin zai kawo a kasuwa.